Makarantar Bayan Rumbu

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in Juwairiyya ba ta buɗe baki yau ba ta daina karantawa. Dawo ki zauna, Hajiya.

Ga waɗanda suka same mu a tsakiya: Juwairiyya ta cire 'ya'yanta biyu daga firamaren ƙauyensu da ke bayan Dawakin Tofa, tana koya musu karatu da kanta a gida. Hedimastan firamaren kuwa wan mijinta ne, Malam Dallatu. Mun rabu da su ya aiko mata cewa da hantsi akwai zama a gaban Inna, uwar mijinta.

* * *

Ba a jima da karin kumallo ba mai adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida.

Juwairiyya ta kasa kunne ta ji ko zai juya. Bai juya ba, kashe injin ya yi. Wanda ya kawo baƙuwa kawai ba ya kashe inji, sai wanda aka ce masa ya jira, akwai mai komawa.



Tana durƙushe ne a bayan rumbun gero, inda ta mayar ajinta. Tabarma ɗaya ce, sai tsohon ƙyauren da ta shafa wa baƙin fenti, da kwanon gyaɗar da suke lissafi da ita. Rahma, 'yar shekara shida, ta riga ta miƙe tana leƙen wanda ya zo. Ummi kuwa, 'yar farinta mai shekara takwas, ko ɗagowa ba ta yi ba. Rubutunta take, ta ɗan zaro harshe.

Sunan Ummi na yanka Kaltume. Sunan Inna ne aka mayar, shi ya sa kaf gidan ba mai faɗarsa. Ita kuwa Juwairiyya ko Ummin ma ba ta da bakin faɗa a gaban mutane, tunda 'yar fari ce. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan".

"Matar Khalilu!" muryar Inna ta taso daga tsakar gida. "Fito ana jiranki. Ki taho min da takwarata."

Juwairiyya ta taɓa gwiwar Ummi. Sai da yarinyar ta kalli fuskarta sannan ta ce, a hankali, "Tashi mu je."

Tsakar gidan cike yake da gyaɗar da aka ciro jiya, matan gidan sun zagaye ta suna tsinka. Da ta fito duk hannuwa suka rage sauri. Inna na kan kujerarta 'yar tsugunno a bakin ɗaki. Malam Dallatu ya sa an shigo masa da farar kujerar roba, ya ɗora littattafai a cinya. Kusa da Inna kuma ga baƙuwar, Gwaggo Barira, babbar yayarsu Khalilu da ke aure a unguwar Bachirawa a Kano. Ko mayafi ba ta cire ba.

Juwairiyya ta durƙusa ta gaida Inna, ta gaida Malam, ta juya.

"Gwaggo, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Farfesa."

Wata daga cikin masu tsinkar gyaɗa ta yi tari don ta ɓoye dariya.

Malam Dallatu ya gyara zama. "Tun yaushe kika cire min yara daga makaranta?"

"Tun shukar fari, Yaya."

"Ga shi har an cire gyaɗa. To, ni malami ne, tambayar malamai zan miki. Wace manhaja kike bi?"

"Haɗawa na yi."

"Haɗawa." Ya juya wajen matan. "Kun ji. Haɗawa ta yi, kamar kwaɗon zogale."

Wannan karon ba wanda ya ɓoye dariyar.

Juwairiyya ta kalli tabarma. Tun tana jami'a haka take, in idanu suka yi mata yawa sai maganar ta maƙale a wuya. Amma ta tuna injin da aka kashe a waje.

"Lissafi littafin gwamnati nake bi, Yaya, irin na hannunka. Ban canza komai ba, sai dai da gyaɗa muke yi maimakon zane. Akwai wata manhajar Turawa da ƙawata Aina'u ta turo min ta waya, na gwada ta na ajiye."

"Ashe ma har Turawan kin fi su."

"Ba haka ba ne. Duk labarin ƙanƙara ce mai zubowa daga sama, da kare mai kwana a kan gado. Rahma ta yini tana tambayata ko karen ba shi da najasa. Ba su gane komai ba, haddacewa kawai suke. Sai na ga gara karatu mu fara da Hausa, da kalmar da yaro ya riga ya sani, Turancin ya biyo baya."

"Gwamnati ta tara masana, sun zauna, sun rubuta abin da za a koya wa yaro daga aji ɗaya zuwa shida. Ke kin zauna a bayan rumbu ke da awaki kin ce a'a, ga yadda za a yi."

"Yaya, ajin su yarinyar nan ya fi yaro ɗari, malami ɗaya ne. In aka zaunar da ita a baya..."

"Sauran 'ya'yan ba iyaye ne suka haife su ba?" Muryarsa ta tashi. "Kin san abin da kika ja min? Mata sun fara zuwa ofishina suna tambaya wai ko za su kawo nasu wajenki. Ranar kasuwa ina tsaye wajen mai taki wani yake ce min, Malam, ashe ku ma 'ya'yan gidanku sun gudu? Ni! Shekara da shekaru ina bin gida-gida ina roƙon mutane su saki yara su zo makaranta, da damina ina bin su har gona. Sai ga shi daga cikin gidanmu aka fara janyewa."

Juwairiyya ta san wannan maganar tasa akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ta fi ciwo.

Inna ta ɗaga hannu.

"Ni duk wannan ba damuwata ba ce. Boko naku ne, ku kuka san shi." Ta nuna Juwairiyya da haɓa. "Abin da ya hana ni barci daban ne. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin mace ta zauna gwiwa da gwiwa da 'yar farinta ba. Safe, rana, kina kallon cikin idonta, tana kallon naki. Har dariya nake jiyowa. Ina kunya? Ina kara? Ga waccan nan," ta nuna Barira ba tare da ta kalle ta ba, "ta girma, ta aurar da 'ya'ya. Ku tambaye ta ko ta taɓa jin sunanta a bakina."

"Ko sau ɗaya," Gwaggo Barira ta ce da alfahari. "Ina yaye aka kai ni wajen Gwaggonmu. Me ya same ni?"

Ta faɗa tana murmushi, amma yatsunta suna ta jan wani zare a bakin mayafinta.

"Kuma an ce min ana jiyo wani abu daga bayan rumbun nan," Inna ta ci gaba. "Na ce ƙarya ne. Na ce 'yar mutunci ce, gidan mutunci ta fito, ba za ta yi ba."

Matar Malam Dallatu ta sunkuyar da kai cikin gyaɗa.

"Ni fa ba surutu ya kawo ni ba," Gwaggo Barira ta ce. "Mai adaidaita yana jira. Tashi ki haɗa min kayan Ummi. Akwai makarantar kuɗi a layinmu, akwai Islamiyya. Dama tun tana yaye ya kamata a ba ni ita, aka yi ta lallaɓa ki don kin yi boko."

"Gwaggo, Baban Rahma ba ya nan."

"An kira shi, yana hanya daga kasuwar Dawanau. Ko kina ganin in ya zo zai ƙetare maganar Inna ne?"

Ummi na tsaye a jikin turmi, idonta na bin bakin duk wanda ya yi magana. Ta ga an nuna ta, ta matso bayan uwarta.

"To kada a ce an zalunce ki," Malam Dallatu ya ce, yana zaro littafi ɗaya daga cinyarsa. "Tunda da Hausa kika fara, ga na Hausa, na 'yan aji biyu. Ban ma ɗauko na ajinta ba. Layi ɗaya. In ta karanta, ni da bakina zan roƙi Inna a bar miki ita. In ta kasa, ta bi Yaya Barira. Inna, an yarda?"

"Na yarda."

"Ke fa, Farfesa?" in ji Gwaggo Barira.

Juwairiyya ta ce, "Na yarda."

Ta san Ummi za ta iya. Jiya ma sai da ta karanta rubutun jikin buhun taki.

Amma Malam Dallatu bai zaunar da yarinyar a gabansa ba. Miƙewa ya yi ya damƙa mata littafin, ya zagaya bayanta kamar yadda yake yi a aji, ya tsaya ta kafaɗarta ta hagu.

Ta hagu.



"Fara daga layi na sama," ya ce.

Ummi na riƙe da littafin, tana jiran a ce ta fara.

"Na ce ki fara."

Shiru. Idonta na yawo a fuskokin matan, tana neman wanda zai gaya mata abin da ake so.

"Ke! Ba da ke nake ba?"

Ya daka tsawar har da buga mata biro a kafaɗa. Ta zabura, littafin ya faɗi cikin gyaɗa. Ta ɗauko shi, a juye ma ta riƙe. Hawaye suka cika idonta.

"Kun gani?" Malam ya buɗe hannuwa. "Haka take a makaranta, a yi ta magana kamar da dutse. Na ɗauka gidan zai gyara ta. Damina guda, ko riƙon littafi."

"Taurin kai ne," in ji Gwaggo Barira. "Sangarta ce. Wata biyu a hannuna za ku ga yadda za ta miƙe. Tashi, Juwairiyya, kayanta."

Juwairiyya ba ta tashi ba.

Ta san abu ɗaya da ke dawo da yarinyar nan hayyacinta in ta ruɗe. Da shi suke buɗe karatu kullum a bayan rumbu, murya ƙasa-ƙasa. Ta kuma san in ta yi shi a nan, a gaban Inna, a gaban Malam, a gaban matan gida, har ta mutu ba za a manta mata ba.

Ta kalli Inna. Ta kalli ƙofar zaure.

Sai ta ja gwiwa ta isa gaban 'yarta. Ta gyara mata littafin. Ta kamo hannun yarinyar na dama ta ɗora a kan nata maƙogwaron, ta ɗago haɓar yarinyar har idonsu ya haɗu.

"Kal... tu... me."

Gyaɗa ta zube daga hannun wata.

"Kaltume. Kalle ni. Ba kowa a nan, ni ce da ke."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo Barira ta dafe ƙirji. "A gaban idonta! A gaban idonta, jama'a!"

Juwairiyya ba ta waiwaya ba. Ta ɗora yatsa a kan layin farko. "Ga farkon sunanki nan. Me ya ce?"

Leɓen Ummi ya motsa. "Ka..."

"Ci gaba."

"Ka-ka. Kaka ta zo." Ta ja majina. "Ma-no-ma sun ta-ra ge-ro a rum-bu."

Ba ta tsaya ba. Ta shiga layi na biyu, muryarta na ƙara ƙarfi, ta wuce na uku, har ta fara sauri. Sai da Malam Dallatu ya miƙo hannu ya zare littafin.



"Ta karanta, Yaya," Juwairiyya ta ce. "Layi ɗaya ka ce."

Malam Dallatu ya kalli littafin, ya kalli yarinyar. Ya buɗe baki.

"Maimaita."

Inna ce. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maimaita abin da kika ce, in ji da kyau. Ko kunnena ne ya tsufa."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba ke na kira ba."

"Akwai wata mai sunan nan a gidan nan da ba daga jikina aka ciro shi ba? Malam uban 'ya'yana, Allah ya jiƙansa, mun zauna har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran sunan nan a gaban 'ya'ya ba. Yau sai ga shi a bakin matar ɗan autana. Ana tsinkar gyaɗa. Har da rarraba shi gida uku, kamar ana rabon nama."

"Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi," Gwaggo Barira ta ce. "Dama na faɗa muku masu sunkuyar da kan nan a ji tsoronsu. Ummin ba suna ba ne? Ya kashe ki ne in kin ce Ummi?"

"Na gwada da shi, Gwaggo. Baki a rufe ake faɗarsa, ba ta ganin komai. Wannan kuwa kowace gaɓa da inda take fitowa, tana gani, tana ji a hannunta. Da shi ta koyi haruffan farko. Kuma shi za ta rubuta a takardar jarrabawa."

"Tana gani? Tana ji a hannunta? Wannan kuma wane tsafin ne aka koyo a waya? Me ya kai hannun yarinya wuyanki?"

Juwairiyya ta kawar da kai.

"Da ke nake!"

Ta daɗe tana riƙe da maganar nan. Ta san garin. In aka ce kurma sau ɗaya, sunan ya zauna ke nan, yara za su bi ta da shi a hanyar rijiya, har ranar da za a zo neman aurenta sai wani ya tuna. Amma yanzu ba sauran wurin ɓuya.

"Ba ta ji da kunnen hagu," ta ce. "Na daman ma ya yi rauni. In ba ta ga bakin mutum ba, rabin maganar ba ta kamawa. Ba taurin kai ba ne, Yaya. A bayan aji ake zaunar da ita, malami ya juya wa allo fuska yana magana. Shi ya sa na cire ta. Na yi ta bincike har na samu hanyar da ake bi da yara irinta. Wannan ce manhajar da ka tambaya."

Malam Dallatu ya koma kan kujerarsa a hankali. Ya kalli biron da ke hannunsa, ya sa shi a aljihu.

"Ƙarya ne," in ji Gwaggo Barira. "Kaf zuri'armu ba kurma. In ma da gaske ne, wayar nan ce da kike liƙa musu a kunne."

"Ba waya ba ce."

"To mene ne?"

"Gwaggo, ki bar maganar."

"Ba zan bari ba! Kin kurmantar da 'yar mutane kina neman inda za ki rataya!"

Juwairiyya ta ɗaga murya.

"Zazzaɓin waccan daminar ne! Lokacin da kunnenta ya yi ta zubar da ruwa, tana kwana kuka. Na ce a kai ta asibiti, aka ce uwar fari ba ta rawar jiki a kan 'ya, abin kunya ne, a bar wa manya. Aka ɗauke ta aka kai ɗakin Inna, ana narka man kaɗanya ana ɗiga mata. Ni kuma ina ɗakina ina jin kukanta, ba ni da ikon leƙawa, kada a ce ba ni da kunya. Likita ya ce da an kai ta da wuri..."

Ta tsaya. Amma maganar ta riga ta fita.

Ba wanda ya motsa. Rahma ta fara kuka ƙasa-ƙasa, wata ta janye ta.

Inna ta dafa bango ta miƙe. Gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala, amma ba ta yarda kowa ya kama ta ba. Ta tako har inda Ummi take, ta zagaya ta bayanta, ta sunkuya daidai kunnen hagu.

"Takwara," ta ce.

Ummi na kallon uwarta.

"Takwara. Ga alewa."

Yarinyar ba ta juya ba.

Inna ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa ya yi ja, amma fuskarta ta ƙara taurin da Juwairiyya ba ta taɓa gani ba.

"To. Yau na ji. Ni na kurmantar da takwarata."

"Inna, ban ce..."

"Kin ce. Gida ya shaida." Ta juyo gaba ɗaya. "Likita kika ce. Yaushe aka ga likita?"

"Da ƙaramar salla, da muka je ganin gida Kano."

"Da izinin wa?"

Juwairiyya ta sunkuyar da kai.

"Na ce da izinin wa kika ɗauki jikata kika kai asibiti, kika dawo kika rufe baki, kina gaishe ni safe da yamma?"

Ƙarar babur ta tsaya a waje. Aka yi sallama a zaure.

Khalilu ya shigo da ƙurar hatsi a kafaɗar rigarsa, makullin babur a hannu. Ya ga yayarsa, ya ga wansa, ya ga matarsa a durƙushe da yarinya a jikinta. Sallamar ta mutu a bakinsa. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, barka da hantsi. Aka ce ana nemana."

"Matarka ta kira sunana a tsakar gida."

Ya ɗago da sauri ya kalli Juwairiyya.

"Ba shi na kira ka ka ji ba, wannan tsakanina da ita ne. Ta ce takwarata ba ta ji da kunne ɗaya. Ta ce ni na jawo. Ta ce an kai ta wajen likita a Kano." Inna ta tako ta tsaya a kansa. "Abu ɗaya zan tambaye ka. In da saninka aka yi, to kai da matarka kun san abin da kuke yi da 'yarku, ni ce bare, waccan ta koma Bachirawa ita kaɗai. In kuwa ba ka sani ba, macen da za ta ɓoye wa uba ciwon 'yarsa ba a bar mata 'ya. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Juwairiyya ta ɗago ta kalle shi. Kallonsa kawai take.

Khalilu ya juya makullin a hannunsa. Ya kalli Malam Dallatu, wanda ya biya masa kuɗin makaranta tun daga firamare. Ya kalli jajayen idon Inna. Ya share gumi da bayan hannu.

Da ya yi magana, da ƙyar aka ji shi.

"Wallahi Inna... yau na fara ji."

Juwairiyya ta ji kamar an janye tabarmar da take kai.

"Baban Rahma," ta ce.

Bai kalle ta ba.

"Shi ke nan," in ji Inna. "Ke, ɗauki yarinya. Kayan a biyo ta da su."

Gwaggo Barira ta miƙe ta gyara mayafi. Ta damƙi wuyan hannun Ummi. Juwairiyya ta riƙe ɗaya hannun.

"Sake ta."

"Gwaggo, don girman Allah. Ta karanta. Yaya, kai ka yi alkawari, ka ce layi ɗaya!"

Malam Dallatu ya kawar da kai. "Magana ta wuce ta karatu."

"A Bachirawa wa zai tsaya ta ga bakinsa? Wa zai san ta wane ɓangare ake mata magana? Dukanta za a yi ta yi a ce taurin kai ne!"

"Na ce ki sake ta, ko sai na ɓalla miki yatsu?"

Ummi ba ta kallon ko ɗaya daga cikinsu. Tun da ubanta ya durƙusa idonta ke kan bakinsa, kamar yadda aka koya mata a bayan rumbu. Abin da matan da ke kusa da shi suka ji da ƙyar, ita ta gan shi sarai.

Ta ɗan karkata kai, irin na mai son gyara wa babba mantuwa. Kuma da yake ba ta san ƙarfin muryarta ba, har mai adaidaita da ke waje sai da ya ji.

"Baba, ka manta? Ai kai ka riƙe min kai da likita ya haska kunnena. Har ka saya min yogot a bakin asibitin, ka ce kar na faɗa wa Inna."

Makullin babur ya faɗi ƙasa.

Gwaggo Barira ba ta saki hannun ba. Juwairiyya ma ba ta saki ba.

Inna ta juya a hankali.

"Khalilu," ta ce. "Ɗago kanka."